Matar da Ta Ara wa Mijinta Baki

Maijidda ɗiyar Tibiri ce, daga irin tsofaffin gidajen nan masu zaure bayan zaure, inda ake koya wa yarinya kunya tun kafin a koya mata daka. An haife ta lokacin da wanzamai ke cin kasuwarsu, don haka tana jaririya aka yi mata askar gado. Zube ya tashi daga gefen baki ya bazu har kunne, dama da hagu, kamar na kowane Bagobiri. Sai dai gidan ubanta Malam Sha'ibu na da nasu ƙari, wata 'yar gajeriyar tsaga a ƙarƙashin leɓe, wadda in tsohon Bagobiri ya gani ba sai ya tambayi ɗiyar wane ce ba. A hannun kaka ta tashi, tsohuwar da ba ta san wasa ba. In yarinya ta yi hamma ba ta rufe baki ba, ludayi ne a ka. In ta yi dariya har aka ga dasashi, sai a tambaye ta ko a tasha aka haife ta. Da haka Maijidda ta girma, mace mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ko goro ba ta tauna a gaban namiji.

To ka ji ikon Allah, irin wannan mace aka haɗa da mutumin da duk duniya ba shi da jari sai buɗe baki. Tahiru sunansa, ɗan Gangara can gabas, jikan Fulanin da suka sayar da saniyar ƙarshe suka rungumi hauya. A Maradi suka haɗu, tana zaune wurin gwaggonta, shi kuma yana karatun zama mushe, wato malamin lakol, makarantar boko. Da maganar ta isa Tibiri, Malam Sha'ibu cewa ya yi, "Bafillace ba nagge, ba ko akuya, sai surutun Nasara? Mi za ta ci, surutun?" Amma yaron na da ladabi, kuma Maijidda ta kafe a irin kafewarta ta shiru, wadda ta fi ta masu kururuwa wuyar sha'ani. Aka ɗaura aure, aka sa ta a mota, sai gabas.

Ingilishi Mushe Tahiru ke koyarwa a kolej, kuma ɗan kwantiragi ne, irin malaman da ake riƙe da su da yatsa biyu, yau kana nan gobe an ce ka gusa. Shekara ashirin da wani abu suna yawo tsakanin Agye da Gazawa da ƙauyukan da mota ba ta shiga sai ran kasuwa. A can suka haifi Jamilu da Lubna, har ɗaya ya tafi karatu ɗaya ta yi aure. Kuma ko'ina suka sauka suna ɗaya yara ke laƙaba masa, Mushe Kalli-Bakina.

Ga dalili. Mutumin nan ya yarda, kamar yadda manomi ya yarda da taki, cewa Ingilishi a leɓe yake zaune. Yakan ce wasulan Hausa biyar ne, ka ja ko ka taƙaita, an gama. Na Ingilishi kuwa sun haura goma, kuma da haruffan nan biyar ake rubuta su duka, don haka yaron da ya dogara da takarda ya ɓata. Dole sai ya ga inda leɓe ya baje, inda ya tattare, inda haɓa ta sauka. Matsalar, ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya kallon babba a fuska. Don haka duk farkon shekara Mushe Tahiru yaƙi yake yi da tarbiyyar gari guda. "Ku kalli bakina! Me kuke nema a ƙasa, an rubuta wani abu ne? Ku kalla, ku yi yadda ya yi!" A aljihunsa kuma kullum akwai wata roba da ya yanko daga cikin tsohuwar tayar babur. Kowace kalmar Ingilishi, in ji shi, tana da gaɓa ɗaya da ake dannawa, sauran a bi ta kansu da sauri. In ya zo kan gaɓar sai ya ja robar ta miƙe, ya sake ta ta koma, yara na bi, ba-NAA-na.

Maijidda ba ta taɓa shiga lakol ba, amma ta sha Ingilishi har ta ƙoshi. Kowace safiya yana tsaye gaban wani guntun madubi da ya kafa a bango yana hat, hot, hut, heart, yana murguɗa leɓe. Takan ce, "Malam, kai da madubin nan kamar amarya." Shi kuma ya ce, "Da shi ake ci, Maijidda."

Da aka mayar da shi Gidan Sori, cikin ƙasar Gobir, ba wanda ya kai ta murna. Ga Tibiri nan kusa, ga harshen da ta tashi da shi, ga tsofaffin mata na shigowa gaishe ta suna kiran sunan kakanninta. Shekara ta farko ta wuce lafiya lau.

Ta biyu ce ta zo da abin da ba a zata ba. An gama yankan gero, lakol ta buɗe ba da daɗewa ba, ya je Gidan Rumji a kan babur, ya dawo cikin ruwan ƙarshen damina da iska mai sanyi tana dukan fuskarsa. Washegari da safe ta miƙa masa koko, ya kurɓa, sai ta ga kokon na gangarowa ta gefen baki yana ɗiga a rigarsa.

"Malam, lafiya?"

Ya yi niyyar yin dariya. Rabin fuskarsa ya yi, rabin ya tsaya cak kamar na wani mutum daban, bakin ya ja zuwa kunnen hagu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ludayin hannunta ya faɗi cikin ƙasa. Ta rasa ko ta kama shi ko ta fita neman mutane. Shi kuwa tashi ya yi ya nufi madubi. Ya daɗe yana kallo. Ya gwada kalma ɗaya, iska ta fice ta gefen kunci. Sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa dirshan, babban mutum da furfura.

Lokotoro a asibitin Gidan Rumji ya ce jijiyar fuska ce ta kwanta, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a riƙa murzawa da ruwan ɗumi. Wata takan tashi, wata ba ta tashi, Allah ne masani. Mutanen gari kuwa ba su tsaya jiran lokotoro ba, tun kafin a dawo sun gama bincikensu: marin aljani ne, a hanyar Gidan Rumji ya taka ɗan wani. Masu zuwa dubiya suka riƙa tsayawa daga bakin ƙofa suna jefo sannu.

Ya ɗan huta, ya ce zai koma aji. Maijidda ta so ya ƙara haƙuri, ya ce 'yan siziyam, wato sababbin shiga kolej, ko gaisuwa ba su iya ba tukuna, kuma duk lakol ɗin ba wani malamin Ingilishi sai shi. Ya koma. Ya ci gaba da abin da ya saba, ku kalli bakina, ku yi yadda ya yi.

Wata la'asar Maijidda na ɓarar wake a tsakar gida sai ta ji ƙara daga gidan maƙwabciyarta Hafsatu, irin ƙarar da ake yi in yaro ya faɗa rijiya. Ta zubar da waken ta zagaya da gudu. Ta tarar da Hafsatu ta dafe kai, ɗiyarta Samira 'yar siziyam na zaune a tabarma da littafi tana zare ido.

"Maman Lubna, zo ki gani! Ke Samira, sake hwaɗin abin da kika hwaɗi!"

"Inna, ba komi ba ne, Angile ne."

Bakin yarinya lafiya lau, kamar kowane baki. Amma tana buɗe littafi ta fara good morning, sai leɓenta ya zame ya ja zuwa kunnen hagu, kunci ɗaya ya saki, iska na fita ta gefe. Tahiru sak, har yadda yake ɗan karkata kai. Maijidda ta matsa kusa da yarinyar.

"Samira, wa ya ce ki yi haka?"

"Haka Angile yake, Mama. Haka duk ajinmu muke yi."

Kafin magariba an gwada kowane ɗan siziyam a garin, gida-gida, kuma duk kanwar ja ce. Ya yi Hausa baki a miƙe, ya yi Faransanci baki a miƙe, yana taɓa Ingilishi sai baki ya tafi kunne. A faɗi gaskiya, ina laifin yaran nan? Ba su taɓa ganin Ingilishi a wani baki ba. An ce su kalla su yi, sun kalla sun yi, har sun fi kowane aji biyayya. Amma je ka gaya wa uwar da ta ga fuskar ɗiyarta ta karkace! Gari ya yanke hukunci, aljanin da ya mari Mushe ya samu hanya, ta cikin Ingilishi yake bi yana shiga yara. Aka shiga ba su rubutu, aka turara musu hayaƙi, wasu aka hana su lakol gaba ɗaya.

Alhaji Iro, shugaban kwamitin iyaye, dattijo ne mai auna magana. Ya je ya samu dirakta, shugaban lakol, ya ce, "Ba mu ƙi mutum ba, larura ba ta shawara, Allah shi ba shi lahiya. Amma ɗiyanmu munka kawo a gyara, ba a karkata ba." Dirakta mutum ne mai tsoron hayaniya. Ya kira Tahiru buro, wato ofishinsa, ya gaya masa a fili: nan da ƙarshen wata, in bakin yara bai miƙe ba, zai nemi manyansa na Gidan Rumji su turo wani. Ɗan kwantiragi kuwa in an karɓe masa aji, an karɓe komai.

Ba irin dabarar da bai yi ba. Ya zana leɓuna da alli, suka fito kamar kifaye. Ya nuna musu hotunan bakin Turawa a salula, yara suka ce leɓen Nasara siriri ne, nasu ba zai iya haka ba, suka koma kallon nasa. Ya roƙi malamin lissafi ya tsaya a ɗauki hoton bakinsa, mutumin ya ce yana da iyali, kada a jawo masa. Bakin ɗan wani kuwa, wa zai ba shi aro a wannan hali? Sai Tahiru ya daina cin abinci. In ya dawo daga lakol sai ya zauna gindin bedi, wato dalbejiya, roba a hannu yana ja yana saki.

Maijidda ta kalle shi yau, ta kalle shi gobe, tausayi ya cika ta har wuya. Ta san in aka raba mutumin nan da aji, gangar jiki kawai za ta koma da ita Gangara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ajiye tsintsiya ta zo ta durƙusa kusa da shi.

"Malam, baki kake nema?"

"Baki nake nema, Maijidda."

"To ni ba ni da shi ne?"

Ya ɗago ya dube ta kamar ta yi magana da Ingilishi. "Ke? Ke da har yau ban taɓa ganin kina tauna lomar tuwo ba?"

"Ɗauko salularka tun ban sake shawara ba."

Ya miƙe da sauri, sai kuma ya tsaya. "Ki kwantar da hankalinki. Daga ƙasan hanci zuwa haɓa kawai zan ɗauka. Wallahi ba mahalukin da zai san ke ce. Baki ai baki ne."

Ta dube shi. Kai, Bafillace! Kusan duk shekarunsa a gabas ya yi su, inda in an ga zube sai a ce Bagobira a wuce. A idonsa duk askar Gobir iri ɗaya ce, kamar an ja wa mutum ƙaya a kumatu. Ita kuwa ta san sarai abin da ke ƙarƙashin leɓenta, ta kuma san duk Gidan Sori ita kaɗai ke da shi. Amma ta lissafa a ranta cewa yara ne kawai za su gani, kuma yaran yanzu fuskarsu sumul, ba su san karatun aska ba. In ta faɗa masa, ba zai ɗauka ba.

"Haka ne, Malam," ta ce.

Suka sa sakata a ƙofar gida da rana tsaka. Ta jingina da bango inda haske ke faɗowa, ta runtse ido. Shi ba shi da bakin da zai gwada mata, sai kwatance.

"Baje leɓe, kamar kin ciji zare za ki tsinke. Yauwa, tsaya haka. Yanzu tattara, kamar za ki hura wuta. A'a, wutar ta yi nisa, turo leɓen gaba. Madalla. Yanzu sauke haɓa, sauke, kamar kin buɗe tukunya kin ga maciji."

"Malam, har haka?"

"Ƙara kaɗan. Ina son a ga harshe."

Zufa ta jiƙa mata baya. Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige, a gaban mijinta na shekara ashirin da wani abu, a cikin gidanta, ƙofa a rufe. Da suka zo kan wani wasali ya ce ta saki komai kamar mai gyangyaɗi, wai shi ne wasalin ragwaye kuma shi ya fi yawa a harshen mutanen, sai dariya ta ƙwace mata. Shi ma ya yi da rabin fuskarsa, karo na farko tun ranar kokon.

Da ya juyo mata salular ta gani, dariyar ta tsaya. Ba ta taɓa ganin cikin bakinta haka ba, haƙora, wushirya, harshe, dasashi, komai a waje. Ga kuma 'yar tsagar nan ƙarƙashin leɓe ta fito raɗau a kowane hoto. Ta ce ya yi kyau, ta tafi duba tukunya.

A Gidan Rumji ya wanko hotunan, kowane ya kusa faɗin faifai. Kafinta ya yanka masa allon katako, ya jera su yadda suke a baki: masu bajewa a hagu, masu tattarewa a dama, masu wangalewa a ƙasa, kowane da kalmarsa. Ya kafa robarsa da ƙusa a gindin allon, a ja a saki. Nasa bakin kuma ya rufe shi da wani takunkumi da ya rage tun zamanin korona. Sai ya zama murya daga bayan ƙyalle take fitowa, karan gero na nuna hoto, idon yara na kan allo. Abu kamar wasa, leɓuna suka fara dawowa tsakiya. Hafsatu da kanta ta leƙo ta katanga ta ce aljanin Samira ya fita, rubutun liman ya yi aiki. Maijidda ta ce alhamdulillahi. Tahiru ya koma cin tuwo har da neman ƙari.

Sai wata rana ya shigo da fara'arsa, takunkumi a wuya. "Maijidda, an gama! Dirakta ya kira iyaye ran Alhamis su zo su gani da idonsu. In sun gamsu, aji nawa ne."

Ta juyo da sauri. "Cikin ajin za su shiga?"

"Har ciki. Da Alhaji Iro, da liman, da kowa."

Gaba kura baya sayaki. In ta yi magana, allo ba zai fita ba, aji ya tafi. In ta yi shiru, dattawan Gobir za su zauna su kalli cikin bakin ɗiyar Malam Sha'ibu. Ta juya abin a ranta har ta gaji. Ran Alhamis da safe ta goge masa rigarsa mai kyau, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ajin 'yan siziyam rumfa ce ta zana. Maza suka shiga suka zauna a benci, yara a ƙasa gabansu, mata suka tsaya daga waje suna leƙe ta ramukan zana. Maijidda na cikinsu, ta ja hijabi har hanci, Hafsatu a gefenta. Tahiru ya yaye zanen da ya lulluɓe allon, ya ɗaga kara. Yara suka ɗauka gaba ɗaya, hat, hot, hut, heart, baki a miƙe kamar an sa magwaji. Aka ta da Samira ta ja roba, to-MO-rrow, ba kuskure. Dirakta sai washe haƙora yake yana gyaɗa kai.

Amma dattawa ba yara suke kallo ba. Alhaji Iro ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya miƙa wuya, sai ya ja baya da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya sunkuyar da kai. Liman ya ɗaga ido yana nazarin rufin rumfa. Raɗa ta fara yawo daga benci zuwa benci. A waje Hafsatu ta damƙi hannun Maijidda har ya yi zafi.

"Maman Lubna! La'ilaha illallahu! Ke ce?"

Maijidda ta ƙara jan hijabinta. Kunnuwanta sun toshe, tana jin idon mata na sauka a kanta ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Iro ya yi gyaran murya, yara suka yi tsit. Bai ɗago kai ba ya ce, "Mushe, ɗiyar Malam Sha'ibu na Tibiri ce kunka rataya a bango?"

Karan hannun Tahiru ya tsaya a sama. "Alhaji, baki ne kawai."

"Wane baki kawai? Ga askar gidansu nan kamar an rubuta da alli. Wanga ko makaho ya shafa ya san ta."

Tahiru ya juya ya kalli allon kamar yau ya fara ganinsa. Sai yanzu idonsa ya sauka kan 'yar tsagar ƙarƙashin leɓe.

Dattijon ya nisa. "To. Abin da ya wuce ya wuce. Mun zo ganin bakin yara, mun gani, ya miƙe. In ita mai abin ta yarda, mu ba mu da ta cewa. Allo shi tsaya inda yake, Mushe shi ci gaba da ajinai."

Dirakta ya tafa hannu ya ce madalla, an rufe magana. Hawaye suka zubo wa Maijidda cikin hijabi. An ci kunya, amma an ci aji. Daidai nan wani matashin uba a bencin baya ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya zunguri na kusa da shi, ya ɗaga salula ya saita allon.

Tahiru ya yar da kara. Taku biyu ya yi ya shiga tsakanin salular da allon, ya ciro shi daga ƙusa, ya juya hotunan suka fuskanci ƙirjinsa, ya rungume.

"Mushe, me kake yi haka?" in ji dirakta. "Ka ji fa sharaɗin. In allon nan ya fita, ba ni da abin da zan gaya wa Gidan Rumji."

Ya ƙara ƙanƙame allon. Ya ratsa tsakanin yara da iyayensu ya fice, aka bar rumfa cike da mutane baki sake.

Maijidda ta daskare a inda take, sai da ta ga ya kama hanyar da ta ratsa gonaki sannan ta farga. Ta fizge hannunta daga na Hafsatu ta bi shi da gudu, takalmi ɗaya ya fice ba ta tsaya ba. A tsakiyar karan gero ta cim masa.

"Malam! Mayar da shi! Ba ka ji ba ne? Sun yarda, aji naka ne!"

Ya tsaya, ya janye takunkumin. "Kin sani."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka ɗauko salula."

"Kika bar ni na rataye ki gaban maza, ina nuna ki da kara?"

"Ni na ba ka, ba ƙwace ka yi ba! Kunyar tawa ce, na riga na sha ta, an riga an gani. In ka wuce da allon nan, a banza na sha ta ke nan. Malam, don girman Allah ka juya!"

Ya girgiza kai. Maganar na fita da ƙyar ta gefen baki, amma ba abin da ba ta ji ba. "Yau sau ɗaya aka gani, ban sani ba. In na mayar, kullum ne, kuma da sanina. Ba zan iya ba, Maijidda."

Ya gyara riƙon allon ya ci gaba da tafiya. Ta bi bayansa ƙafa ɗaya ba takalmi, tana kuka tana yi masa faɗa, ta kira shi mai taurin kai, ta kira shi Bafillacen da bai san inda ke masa ciwo ba, masu amalanke suna tsayawa suna kallo. Bai juyo ba har gida. Tunda take ba ta taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba, kuma ba ta taɓa jin son mijinta kamar na ranar ba, abu biyun suka cakuɗe mata ta rasa wanda za ta kama.

Kafin wata ya ƙare aka turo wani saurayi daga Gidan Rumji ya karɓi ajin. Su kuma suka ɗaure kayansu suka koma Gangara, gonar uban Tahiru, inda yake noman gero da wake har yanzu, ita tana kiwon 'yan awaki tana soya ƙosai ran kasuwa. Matan unguwa sun ji labarin gutsure-gutsure, kuma mace ba ta iya barin gutsure. In hira ta yi daɗi sukan tambaye ta, wai shin wane irin mutum ne Mushe?

Takan ce, "Mutumin kirki ne. Kuma har yau ban yafe masa ba."